Muhawara a kan Abigail na King Diamond: wa ya fara ɓarnar cikin labarin?

Mai Faifai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda an taɓo zancen kundin waƙoƙi mai ɗauke da labari guda daga farkonsa har ƙarshensa, bari in kawo wanda a ganina ya fi saura iya ba da labarin ban tsoro a kiɗan hebi metal (kiɗan Turawa mai ƙarar jitar lantarki da ganguna), wato Abigail na King Diamond, wanda kamfanin Roadrunner ya fitar a 1987. Mawaƙin ɗan ƙasar Denmak ne, sunansa na yanka Kim Bendix Petersen, an haife shi a 1956, kuma shi ne mawaƙin ƙungiyar Mercyful Fate kafin ta watse a 1985. Waƙoƙi tara ne a cikin kundin, duka-duka kimanin minti 40.

Ga labarin a taƙaice saboda waɗanda ba su san shi ba. A wani dare da ake ruwa cikin shekarar 1845, Jonathan La'Fey da matarsa Miriam suka iso wani kwari a keken doki, za su tare a wani tsohon gida da Jonathan ya gada. A mararraba wasu mahaya bakwai suka tare su, suka ce su juya a daren nan, in kuwa suka ƙi, 18 za ta koma 9. Jonathan ya yi dariya ya ce su ba shi hanya. Da dare ya raba Miriam na barci, sai fatalwar kakansa, wani basarake mai sarautar Kawunt, ta bayyana gare shi, ta ja shi zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye gawarwakin dangi, ta nuna masa akwatin dutse mai ɗauke da gawar wata jaririya mai suna Abigail. Fatalwar ta ce masa ruhin jaririyar ya shiga jikin Miriam, za a sake haihuwarta, kuma babu mafita sai ya kashe matarsa. Daga nan labarin ya koma baya zuwa 7 ga Yuli, 1777, ranar da basaraken ya gano cewa cikin wata tara da matarsa ke ɗauke da shi ba nasa ba ne, ya tunkuɗo ta daga saman matakala, wuyanta ya karye, aka fitar da jaririyar babu rai. Ya ƙone gawar matar, ya busar da ta jaririyar ya adana. Ƙarshen labarin shi ne Miriam ce ta tunkuɗa Jonathan daga kan wannan matakalar, ta haifi Abigail ta mutu, mahayan bakwai suka dawo suka ɗauke jaririyar domin su binne ta da ƙusoshin azurfa bakwai.

Tambayata ita ce, a cikin wannan labarin wane ne mugun? Mafi yawan masu sauraro suna cewa Abigail ce, ni kuwa ban gamsu ba.

Anti Ladi:
Wa alaikumus salam, Malam Mai Faifai. Ni ma ban gamsu ba, kuma dalilina yana cikin waƙa ta biyar, wadda aka raɗa wa sunan ranar da aka yi kisan. A cikinta basaraken ya faɗi abin da ya tunzura shi da bakinsa, cewa ɗan shege ba zai gaji dukiyarsa ba. Ashe ba kishi kaɗai ne ya sa ya kashe mace mai cikin wata tara ba, gado ne. Jaririyar da ba ta taɓa shaƙar iskar duniya ba, balle ta yi wa wani laifi, ita ce aka kashe don kada gidan ya faɗa hannunta, sannan aka hana ta kabari, aka ajiye ta a akwati da nufin ta dawwama cikin kunya. Bayan shekara 68 sai ga wani ya zo da matarsa zai shiga gidan a matsayin magaji. In aka kalli abin ta wannan fuskar, Abigail ba baƙuwar aljana ba ce da ta faɗo wa bayin Allah, 'yar gida ce da aka cire daga rabon gado da ƙarfin tsiya ta dawo neman haƙƙinta.

Baban Sadiya:
Anti, da girmamawa, ina ganin kin wanke ta fiye da yadda waƙoƙin suka wanke ta. Me Miriam ta yi mata? Miriam ba jinin gidan ba ce, aure ne ya kawo ta, amma ita ce aka shiga jikinta, aka yi magana da bakinta, cikinta ya girma cikin yini guda, ta mutu wajen haihuwa, kuma abin ƙarshe da ta gani shi ne idanun jaririyar masu launin rawaya. Sannan da mahayan suka iso sun tarar da jaririyar a cikin akwatin dutsen tana cin wani abu da mai ba da labarin ya ce ba zai iya faɗa ba, ko da yake duk mai hankali ya san abin da ke cikin akwatin tun 1777. Wanda aka zalunta yana iya zama azzalumi, kuma a nan ta zama.

Malamin Adabi:
Ina neman izinin in ɗan tsawaita, domin ina ganin ku biyun kun tsaya a kan Abigail, alhali wanda ya kamata a sa wa ido shi ne fatalwar. Duk abin da Jonathan ya sani game da Abigail daga bakin wa ya ji shi? Daga bakin wanda ya kashe ta. Wannan mutumin bai taso daga kabari don ya yi nadama ba, bai nemi a binne jaririyar yadda ya kamata ba, bai ce a roƙa wa matar da ya ƙone gafara ba. Shawara ɗaya ya zo da ita, ita ce jikansa ya aikata abin da shi ya aikata, wato ya kashe mace mai ciki a cikin gidan nan domin kada Abigail ta rayu. Akwai wani ɗan wuri a waƙar "The Family Ghost" da mutane ke wucewa ba su lura ba: suna gangarawa ƙasa da fitila, sai fatalwar ta gargaɗi Jonathan ya kula da santsin matakalar, kada ya faɗi ya karya wuya. A jin farko kamar kulawar kaka ce ga jika. Sai an kai waƙa ta gaba a ji yadda matarsa ta mutu, sannan a gane cewa mutumin yana bayyana makaminsa ne. A waƙar ƙarshe kuma matakalar da aka gargaɗe shi a kai ita ce ta ci Jonathan. Matakala ɗaya ce aka yi amfani da ita sau uku, kuma kowane karo ma'anarta ta sauya. Wanda ya tsara wannan ya san aikin ba da labari.

A kan batun gadon da Anti Ladi ta kawo, akwai abin da ke ƙarfafa shi. Waƙoƙin ba su ambaci ƙasar da abin ya faru ba, amma a dokokin Turai na wancan zamanin ɗan da matar aure ta haifa ana danganta shi ga mijinta ne, sai fa in an kawo hujja mai ƙarfi, kuma mu ma mun san makamanciyar wannan ƙa'idar a fiƙihu, cewa ɗa na mai shimfiɗa ne. Ke nan da an haifi jaririyar da rai, da sunan La'Fey za ta amsa. Abin mamaki, a jawabin jana'izar da ya buɗe kundin da wannan sunan aka kira ta, Abigail La'Fey. Sunan da aka kashe ta don kada ta samu, shi mahayan suka ba ta a bakin kabari.

Lissafin nan kuma na 18 da 9 ba ado ba ne kawai. A waƙar "The Possession", da Jonathan ya ga cikin matarsa yana ƙaruwa sa'a bayan sa'a, sai ya gane cewa taran nan watannin ciki ake nufi. Ku haɗa lambobin 1845, za ku sami 18, ku haɗa 1 da 8 ku sami 9. Ku haɗa 7 ta rana da 7 ta watan Yuli da lambobin 1777, za ku sami 36, wanda shi ma ya koma 9. Waƙoƙin kundin kuma tara ne. Ban ɗauki wannan a matsayin wani sirri mai zurfi ba, wasa ne na mai son lambobi, amma yana nuna cewa ba a jefa shekarun nan da ka ba.

Ɗan Birni:
Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibin jita ne, saboda haka ta ɓangaren kiɗan zan shigo, domin ina tsoron kada wanda ya karanta wannan muhawarar ya zaci littafi ake magana a kai. Gaskiya ita ce mutum ba zai iya bin labarin da kunne kaɗai ba a sauraron farko, ko da kuwa ya iya Turanci sosai, sai ya riƙe rubutattun baitocin a hannu. Dalili shi ne muryar King Diamond. Shi kaɗai ne ke yin kowa da kowa: mai ba da labari, Jonathan, fatalwa, Miriam, jaririyar, har mahayan. Yana da siririyar murya mai tsini da yake hawa da ita sama ƙwarai, yana da ta tsakiya, yana da wata mai gurnani, kuma yakan sauya su a cikin baiti ɗaya, sannan a situdiyo ya ɗora murya a kan murya har ta zama kamar taron mutane ne ke amshi. Abin ya yi kama da kaka mai tatsuniya da ke maƙale harshe idan Gizo zai yi magana, ta sake shi idan Ƙoƙi ta amsa, ba tare da ta ce wane ne ke magana ba. A waƙar da ke ɗauke da sunan kundin, inda Jonathan ke fuskantar matarsa, ana jin muryar aljanar tana amsa masa, sai can wata murya mai rauni ta kutso, wadda ita ce Miriam ta gaskiya. Idan kunne ya saba, sauyin muryar ne ke gaya maka wanda ke riƙe da jikin matar a wannan daƙiƙar.

Makaɗan ma ba ƙananan mutane ba ne. Michael Denner mai jita da Timi Hansen mai bes (jita mai kaurin sauti) tare suka taso da shi daga Mercyful Fate. Andy LaRocque, ɗaya mai jitar, da Mikkey Dee mai ganguna, 'yan Suwidin ne, kuma Mikkey Dee shi ne wanda daga baya ya zauna da ƙungiyar Motörhead daga 1992 har zuwa 2015, sannan ya koma ƙungiyar Scorpions. Hannun masu jitar biyu ya bambanta: Denner yana jan sauti a hankali mai daɗin bi, LaRocque kuwa yana da gudu da kaifi. Ku saurari yadda waƙar 1777 ke buɗewa da jita marar lantarki, a natse, kafin ganguna su faɗo. An kwantar da hankalin mai sauraro ne dab da za a nuna masa kisan. Haka aka sake yi a farkon "Black Horsemen", wadda ita ce mafi tsawo, ta haura minti bakwai.

Baba Na Kwana Biyu:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ban ga wanda ya taɓo abin da ya fi damuna ba. Wannan mawaƙin ba shi ne mai fentin baƙi da fari a fuska ba, wanda ke riƙe abin magana da aka ɗaure a kan ƙasusuwa biyu da aka gicciye? Na ji an ce yana danganta kansa da Shaiɗan. In haka ne, me ya kai mu zurfafa nazarin aikinsa har muna haɗa lambobi?

Mai Faifai:
Baba, Allah ya ƙara girma, tambayar tana kan hanya kuma ba zan ɓoye komai ba. Shi ne, kuma abin da aka gaya maka yana da tushe. Ya sha faɗa a fili cewa yana bin koyarwar Anton LaVey, wanda ya kafa abin da ake kira Cocin Shaiɗan a Amurka a 1966, ko da yake shi yana bayyana ta a matsayin falsafar rayuwa ce ba bauta ba. Waƙoƙin Mercyful Fate na farko cike suke da irin waɗannan kalamai, har a 1985 ƙungiyar nan ta iyaye a Amurka, PMRC, ta sa waƙarsu "Into the Coven" cikin jerin waƙoƙi 15 da ta fi ƙyama. Wanda ya ce saboda wannan ba zai kusanci aikinsa ba, ba ni da ja da shi, kuma hukuncin sauraron kiɗa gaba ɗaya na malamai ne, ba na wannan zauren ba.

Abin da zan ƙara kawai shi ne shi kundin Abigail ba wa'azin wata aƙida ba ne. Labarin tsohon gida ne da fatalwa da alhakin kisa, irin wanda marubutan Turai suka daɗe suna rubutawa tun ƙarni na 18. Alaƙar wannan kiɗan da labarin ban tsoro ma ta girmi King Diamond, domin 'yan ƙungiyar Black Sabbath, da ake ɗauka su ne suka aza harsashinsa a birnin Bamingham, daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka ɗauko sunansu, Alice Cooper kuma ya yi kundi mai jigon mafarkin tsoro tun 1975. Bambancin Abigail shi ne labari ne cikakke mai mutane da shekaru da farko da ƙarshe, kuma ya riga manyan kundaye masu labari na ƙungiyoyin Queensrÿche da Iron Maiden, waɗanda duka a 1988 suka fito.

Baba Na Kwana Biyu:
Na ji bayaninka, kuma na gode da ba ka yi kwana-kwana ba. Ni dai ba zan saurara ba, amma ku ci gaba, ina karantawa.

Baban Sadiya:
To, tunda an yabi tsarin labarin, bari a faɗi inda ya yi rauni. Waƙar ƙarshe ta ce mahayan nan bayin basaraken ne a lokacin da aka haifi Abigail karon farko. Daga 1777 zuwa 1845 shekara 68 ne. Ko dai tsofaffi ne tukuf da suka haura tamanin suna sukuwa cikin ruwa da dare, ko kuma ba mutane ba ne, kuma kundin bai ce komai ba. Na biyu, in har sun san abin da ke cikin gidan, me ya sa suka yi wa Jonathan magana da kacici-kacici maimakon su fito masa fili? Na uku, shi Jonathan kansa ba shi da wani hali da za a riƙe. Ya yi dariya a mararraba, ya yi kuka da ya ga cikin, ya ce zai kira limamin coci bai kira ba, sannan a saman matakala ya juya baya yana kallon tauraro. Mutum ne da labari ke turawa, ba shi ke tura labari ba.

Malamin Adabi:
Batu na uku na karɓa, na farko kuma ina ganin shirun da aka yi ya fi bayani amfani. Amma a kan kacici-kacicin, ka tuna su wane ne mahayan. Idan bayin basaraken ne, to sun san kisan, kuma babu inda aka ce sun tona shi. Fitowa fili na nufin su tona asirin ubangidansu da nasu shirun na shekara 68. Sannan dubi maganin da suka zo da shi a ƙarshe: ƙusa a kowane dantse, a kowane tafin hannu, a kowace gwiwa, ta bakwai kuma a baki. Ta bakin ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin ita kaɗai ce ba ta hana motsi, magana take hanawa. Tun daga kakan har bayinsa, babu wanda ya taɓa tunanin wata hanya da ta wuce a sake kashe ta a rufe bakinta. Kuma da wannan jana'izar aka buɗe kundin, cikin minti ɗaya da rabi na kiɗan makoki da muryoyin da aka jirkita, tun kafin mu san ko wace ce Abigail. An sa mu tsaya cikin masu binne ta kafin a gaya mana laifin wa ake binnewa.

Anti Ladi:
Baban Sadiya ya tambaye ni me Miriam ta yi, kuma amsar ita ce ba ta yi komai ba, a nan kuwa nake da ƙorafi a kan shi marubucin. Mata biyu ne suka mutu a wannan gidan saboda ciki ɗaya. Ta farko ko suna ba a ba ta ba, matar basarake kawai, kuma ba mu ji komai daga ɓangarenta ba. Ta biyu tana barci lokacin da maza biyu, ɗaya rayayye ɗaya matacce, ke shawarar kashe ta. A waƙar "Omens" ƙararrawar coci tana kaɗawa babu kowa a ciki, furanni suna bushewa, an shirya teburin cin abinci na mutum uku alhali su biyu ne a gidan, ga gadon jariri yana lilo babu kowa a kai, amma duk ta idon Jonathan muke ganin waɗannan, ita sai dai ya kira ta ta zo ta gani. Sau ɗaya tak ta yi magana mai nauyi da muryarta, a wurin da Ɗan Birni ya ambata, kuma abin da ta ce shi ne mijin ya tuna da matakalar, babu wata hanya sai ita. Wato ta yarda a kashe ta. Wurin yana da ƙarfi, ban musa ba, yana daga cikin inda tsigar jikina ke tashi, amma da an ba ta ko da waƙa ɗaya tata, da mutuwarta ta fi haka ciwo.

Ɗan Birni:
Anti, wataƙila shi ma ya ji irin wannan ƙorafin, domin a 2002 ya fitar da ci gaban labarin, Abigail II: The Revenge, wato ramuwa, a kamfanin Metal Blade. A can an koma 1863, Abigail tana da shekara 18, ashe shugaban mahayan, O'Brian, ya hana a kafa mata ƙusoshin, Jonathan kuma bai mutu ba, yana zaune a gidan a kan keken guragu. A wannan karon ita ce a tsakiyar labarin.

Baban Sadiya:
Wannan ci gaban ne ma ya fi ba ni haushi. Kundin 1987 ya rufe da'irarsa da kansa, ƙarshensa ya koma farkonsa, mai labarin ya yi sallama kamar wanda ya gama waƙar reno. Sai bayan shekara 15 a dawo a ce jana'izar ba ta kammala ba, wanda ya faɗo daga bene ma yana raye. Duk nauyin ƙusoshin da Malam ya yi bayani an zubar da shi. Kuma a lokacin Denner da Hansen da Mikkey Dee duk ba sa nan, LaRocque kaɗai ya rage daga mutanen farko. A 2015 da ya zaga Amurka yana rera kundi sukutum a dandamali, na 1987 ya ɗauka, ba na 2002 ba.

Mai Faifai:
A kan wannan ina tare da Baban Sadiya, sai dai abu ɗaya: ci gaban ya nuna cewa shi marubucin ma bai ɗauki Abigail a matsayin muguwa zalla ba, tunda ramuwa ya kira abin da ta dawo yi. Ɗan Birni, in labarin da mace ke riƙe da ragamarsa kake nema a aikinsa, ka bar na 2002 ka nemi "Them" na 1988 da Conspiracy na 1989, waɗanda labari ɗaya ne a kundi biyu, na wata kaka da aka dawo da ita gida daga asibitin masu taɓin hankali. A can kakar tana da murya tata da hali nata, kuma Mikkey Dee ne ya buga gangunan duka biyun.